Muryar Kaka Jumma a Faifai

Wahala dai mun sha ta a ƙauyenmu Lafagu, ba wani daɗi a ciki. Wuni a gona, tuwon da bai kai ciki ba, ƙafa duk faso. Abu ɗaya nake tunawa ban ja tsaki ba. Lokacin ɗari, in an idar da isha'i, Kaka Jumma, uwar babanmu, takan sa a hura kara a tsakar gida, ta tura gyaɗa cikin toka, ta ce, "Ku matso, ga ta nan tahe. Wanda ya yi gyangyaɗi, gyaɗarshi tawa ce."

Tatsuniyar da ta fi ba mu ita ce ta Tururuwa. Wani gari ne gara da ɓeraye suka addaba, kowace shekara rumbu sai ya lalace. Tururuwa ta je wurin mai gari ta ce a ba ta ajiya, za ta zuba hatsin garin duka cikin ƙwayar gero ɗaya, inda ruwa ba ya shiga, wuta ba ta ci. Aka ba ta. Ta kuwa cika alkawari, ko tsaba ba ta taɓa ba. Mutane suka rushe rumbunansu, tunda ba su da sauran amfani. Da yunwa ta zo aka ɗauko ƙwayar. Hatsi na ciki, in an kaɗa ta a kunne ana jin motsinsa, amma ƙofar ƙwayar ba mai iya shiga sai Tururuwa. Ita ko ta daɗe da ƙaura zuwa tsallaken kogin Kwara.

Na taɓa tambayarta, "To Kaka, sata ta yi ke nan?"

"Wace sata, mijin banza? Kayansu na hannunsu. Da shi a hannu suka mutu."

Muryar tata muna da ita har yau. Yayana Sule ya sayo rikoda a ƙasar Benin lokacin yana fataucin shinkafa, ya ɗauke ta a kaset kafin ta rasu. Da kaset ya fara cin zare aka kai Bagudo aka juye a faifan sidi. Mai juyewar ya rantse mini wannan har jikokina za su gada. Yanzu faifan duk ya yi zane, ranar da na kunna shi ƙarshe in'ina ya riƙa yi a tsakiya, kuma na nemi injin da ke aiki har Bahindi ban samu ba.

Ɗiyata Hadiza, da ke jami'a, ta zo hutu ta ce in ba ta faifan ta juye a makaranta. Wai masana na ƙera wani sabon faifai da za ta juye a kai, nano suke ce wa fasahar. Rubutun ciki ɗigo-ɗigo ne, ƙwayar ƙura ta fi su girma, hawa kan hawa, faifai ɗaya ya ɗauke abin da buhun irin nawa ba ya ɗauka.

Na ce, "Kin gani da idonki?"

"Baba, ai ido ba ya gani. Inji ke karantawa."

"Injin na wa?"

"Na kamfani mana."

"In kamfanin ya ƙaura fa?"

Ta yi dariya, ta ce ni dai ban yarda da komi ba.

Ban yi boko ba, kuma ban ce ƙarya suke ba. Tururuwa ma ba ta yi ƙarya ba. Ina yaro na ɗauka tatsuniyar a kan macuci take, sai yanzu na gane a kan masu rushe rumbu ce. Mu ma mun rushe namu. Tun da kaset ya shigo gidan nan ba wanda ya sake zama ya ba yara ita da baki, Hadiza ma a faifai ta ji ta. In na hana ta faifan, zai ƙarasa lalacewa a akwatina. In na bayar, shi ke nan ƙwaya ɗaya, ga hanya da nisa.

Da safe ta fito da jakarta za ta tasha. Na shimfiɗa tabarma na ce ta zauna ta ba ni tatsuniyar Tururuwa daga farko. Ta ɓata ƙarshen, ta ce Tururuwa ta gudu da hatsin. Na ce ta sake. Sai a karo na uku ta kawo ta daidai, motar farko ta riga ta tashi, Hadiza na ta kumbure-kumbure. Sannan na naɗe faifan cikin tsohon rawanina na miƙa mata.