Yadda na mai da tsoron taubashiyata abin dariya

Shekarun baya, Turawa na nan ba su tafi ba, na gudo daga elementare ina aji uku, na koma Kudan korar doki a injin matse rake. Aikin ba wuya, doki na zagaye, ni ina bin sa da bulala da surutu. Ba wanda bakina ya bari.

Taubashiyata, 'yar goggona, ita kaɗai ke iya min. Mijinta ke dafa mazarƙwaila a wurin, kullum da azahar takan kawo masa abinci. In na ce mata "baiwar gidanmu", sai ta ce, "Rabin ɗan boko, rubuta sunan dokinka mu gani." Mijin kuwa mutum ne mai fara'a, ga kyautar goro, kowa nasa ne.

Wata rana na ɗaga wa doki bulala tana kusa, sai ta durƙushe ta kare kanta da hannu biyu. Aka fashe da dariya. Shi ke nan na samu wasa. Da ta iso sai in ɗaga hannu, ita kuma ta duƙe. Mijin ya fi kowa ƙyaƙyatawa, har cewa yake, "Ƙara mata, ƙanina!" Ban ko lura ta daina rama zolaya ba. Ni a tunanina na ci gari.

Ranar da na yi na ƙarshe, kwanon ya suɓuce, mayafinta ya zame, sai ga hannu ɗaure da karan ɗori. Ta ce a bakin rijiya ta faɗi. Da za ta koma na bi ta da kwanon ta cikin rake, ina cewa, "Wai rijiyar nan ke kaɗai take kayarwa?"

Ta tsaya. "Dokin nan naka, sau nawa kake dukansa a yini?"

"Ba na dukansa, nuna masa kawai nake yi."

"To ya fi ni sa'a."

Wallahi sai a nan na gane mijin ke dukanta. Na ce bari in tara samari mu farfasa shi.

"Ku doke shi ku watse, ni in kwana ɗaki ɗaya da shi? Kai dai sakarai ne har yanzu."

Ta ce sau biyu tana yaji zuwa gidanmu, don mahaifinta ya rasu, babana shi ne waliyyinta. Duk sau biyun ya ce ta yi haƙuri ta koma, ita kuma kunya ta hana ta faɗa wa kawunta abin da ake mata. "Kai ba ka da kunya. Ara min bakinka. Kuma ka je Gazara ka ɗauko tsohuwar da ke min ɗori."

Washegari ta taho gidanmu. Kwana uku sai ga dangin miji sun zo biko da ƙwaryar goro. Ana zaune a zaure, babana har ya fara "ai zaman aure sai haƙuri", na yi sallama na durƙusa na ce, "Baba, dukanta yake yi."

Kun san me ya faru? Dariya aka yi. Wan mijin ya ce, "Taubashi ya zo da nasa!" Babana ya ce in tashi in ba mutane wuri. Na rantse, aka ƙara dariya. Ranar na san kuɗin da mai barkwanci ke biya.

Tsohuwar da na ɗauko daga Gazara ce ta ɗaga murya daga bakin ƙofa. "Malam, wannan ɗori na uku ke nan da na yi wa 'yarka. Tun kafin a haifi yaron nan nake ɗori. Wanda ya faɗi, tafin hannu yake dafawa. Nata a tsakiyar hannu yake karyewa, inda ake tare sanda."

Babana ya sa aka kira taubashiyar tawa, ya tambaye ta ko haka ne. Ba ta ɗago ba, ta ce, "Haka ne, Kawu." Ya tura musu ƙwaryar goronsu da ƙafa. Da kansa ya kai ta gaban alƙali a Maƙarfi, tsohuwar ta maimaita maganarta, aka raba auren.

Yanzu tana Ikara da wani mijin da 'ya'ya huɗu, bakinta ya dawo har ya fi na da. Ba ta taɓa min godiya ba, ni ma ban nema ba.

Zolaya dai ban daina ba, ba zan yi muku ƙarya ba. Amma in na ga mace mai baki ta yi shiru haka kawai, ko tana firgita da motsin hannu, nakan ja ta gefe in tambaya, in kuma ji abin da ita take so a yi. Abin da ke ci na har yau, mu wajen goma ne a wurin injin nan, duk da idanunmu, kuma har damina ta kusa faɗuwa muna ta dariya.