Garuruwa Uku a Takardar Kawu

Kawu, ƙanin Innarmu, shekara talatin da ɗaya ya yi yana akawu a ofishin rajista, yana buga hatimi a takardun haihuwa da na mutuwa. Har ya ajiye aiki shuɗin tawada bai bar babban yatsansa ba, shi ya sa unguwa ke ce masa Mai Hatimi. Mutumin kirki ne, ba zan ci haƙƙinsa ba, amma akwai taurin kan tsiya. A wurinsa duk maganar da ba ta kan takarda, hira ce kawai.

Da ya zauna a gida sai ya ƙudiri aniyar gano garin da kakansu ya fito. Abin da dangi suka riƙe kaɗan ne: saurayi ne ya iso da ƙafa, da buhu ɗaya a ka, ya kama aiki a masaƙa, ya yi aure, ya rasu bai koma gida ba. Burin Kawu shi ne kafin ya bar duniya ya taka garin nan, ya gai da duk wanda ya saura cikin jininmu.

Abin haushin, Inna ta san sunan garin. A ɗakin kakarsu ta tashi, a can ta kwashi labarin. Tana ninke wanki tana ba da shi, tana tsefe mana kai tana ba da shi, har mukan haɗa ido mu ce an fara. Kawu ma ya sha ji yana yaro, ya bi ta bayan kunnensa ya wuce.

"Yaya," in ji shi wata rana, "jiya kin ce kwana tara ya yi a hanya, yau kin ce sha biyu. Wanne zan rubuta?"

"Rubuta wanda ka ga dama. Ni dai garin na sani, sunansa..."

Ya ɗaga mata hannu kamar yadda yake yi wa masu layi a ofis. "Riƙe abinki. In kika sa mini suna a kai, shi idona zai yi ta nema. Sai na gani a rubuce tukuna, sannan na zo ki tabbatar."

Inna ta yi dariya, ta ce Allah ya ba da sa'a, ranka ya daɗe.

Shekara tara ya yi yana wannan nema. An daɗe da rufe masaƙar, an jibge littattafanta a wani sito, gara ta ci na ci, ɗigar rufi ta jiƙa saura. Kullum da safe yakan ɗaure hanci da hankici, ya zauna kan bokiti, yana ɓamɓare shafi daga jikin shafi da wuƙar fensir. Tari ya kama shi, aka sauya masa tabarau sau biyu. A cikin shekarun nan ne Inna ta fara mantuwa. Da makulli ta fara, sai sunayen jikoki, sai hanyar banɗaki. Na same shi na ce, Kawu, don girman Allah ka zo ka zauna da ita. Ya ce saura littafi huɗu.

Ranar da ya samu, da la'asar ya shigo, ko takalmi bai cire ba, takarda a hannunsa. Ashe mutum uku aka ɗauka a masaƙar a shekara guda, duk masu sunan kakan Kawu, sunan uba ma ɗaya, kowa da garinsa. Akawun masaƙar bai ƙara komai ba.

Ya durƙusa a bakin gadon Inna. "Yaya, saurara da kyau." Ya karanta gari na farko. Inna ta yi murmushi ta ce, "Shi ne." Ya sauke ajiyar zuciya, amma hali ya ƙi barinsa, sai ya karanta na biyu. Ta ce, "Shi ne." Na ukun ma haka, da murmushin nan dai, tana shafa masa hula.

Ya juyo ya dube ni. "Ke fa? Kin ji ta ya fi sau ɗari."

Wallahi na zo da faɗa a bakina, na shekara tara, sai ya maƙale. Na tuna buhun, na tuna kwana tara ko sha biyu, har zafin tsifar na tuna. Sunan kam babu shi. Na kira yayyena a waya, kowa ya zaɓi wani daban. Na shiga kicin na yi kuka mai isata, ina jin haushinsa, ina jin haushin kaina fiye da nasa.

Bai je ko ɗaya cikin garuruwan ba. Ya ce ba zai ƙwanƙwasa ƙofar mutane ya kira su 'yan uwa a kan wataƙila ba.

Yanzu kullum yana zuwa da sabon littafi, ya ja kujera kusa da gadonta, duk abin da ya fito daga bakinta ya rubuta da kwanan wata, ko sunan zai faɗo. Jiya ya manta shi a kan kujera, na buɗe. Shafi arba'in ya cika da kyakkyawan rubutun nan nasa: "A rufe taga." "Ina takalmina?" "Wannan bawan Allah wa yake jira?"