Farashi Uku na Anti Murmushi

A layinsu ba mai kiranta da sunan da iyayenta suka sa mata. Anti Murmushi ake ce mata, don ba abin da ya fi fita daga bakinta in ta ɗaga kyamara kamar "A yi murmushi." Ita kanta kuwa ba ta yi. Masu gyaran waya da ke maƙwabtaka da ita sukan ce ai hajarta ce, shi ya sa ba ta taɓawa, kar ta cinye jari.

Shagon ɗaki ɗaya ne, tsakanin tela da masu gyaran wayar. A ciki akwai labule mai zanen ruwa yana gangarowa daga dutse, da kujerar roba da aka lulluɓe da farin yadi, da fitilu biyu masu lema, ɗaya sai an ɗan buge ta take kamawa. A lungu akwai tebur da tsohuwar kwamfuta.

Ba ita ta kafa shagon ba, na mijinta ne. Ita 'yar mai gyaran agogo ce. Ta taso tana riƙe wa babanta ƙananan kusoshi a murfin kwalba, shi ya sa hannunta ba ya rawa. Tana da shekara ashirin da biyu ta auri mai hoton da ya ɗauki bikin yayarta, wanda ya ɓata hoto goma sha ɗaya a kanta ita kaɗai, har ango ya yi ƙorafi. Suka haifi 'ya ɗaya tilo, da ake kira Gajera saboda tun tana aji uku ta fi malaminsu tsawo.

Shi yake zuwa biki, ita take zama a kwamfuta. Ta zaɓi masu kyau, ta goge ƙurajen fuskar amarya, ta miƙe hoton da ya karkace, ta jera su a albam. Mutum ne mai surutu, ko abinci yake ci bakinsa ba ya hutawa, kuma hirar da ya fi so ita ce ta farashi.

"Kin ga kyamarar nan? Ita ce dai," in ji shi. "Yatsan nan ma shi ne dai. In na danna a garin nan, ga kuɗinsa, kowa ya sani. In na danna a ƙauyukan hayin kogi, kashi ɗaya cikin uku, a cika mini sauran da addu'a. In na danna a babban birni kuwa, ninki biyar, a kawo mini ruwan sanyi, a ce ranka ya daɗe."

"To ka koma can mana, Baban Gajera."

"Saura ƙiris. Bari dai su san ni."

Sau huɗu aka kira shi babban birnin. A na huɗun, ranar Lahadi da hantsi, yana hanyar dawowa, tayar motar haya ta fashe a wata kwana. Su bakwai ne a ciki, huɗu ba su tashi ba.

Tana wanki a tsakar gida yayan mijinta ya shigo da jakar kyamarar a hannu, idonsa jajir. Ta ji abin da ya faɗa, kowace kalma. Ta ce, "To." Sai ta ɗauraye rigunan Gajera biyu da suka rage a bokiti, ta shanya su, sannan ta sa mayafi.

Gida ya cika. Mata suna shigowa da kuka, su rungume ta, ita kuma ta riƙa bubbuga musu baya. Ta ji wata ƙanwar surukarta tana cewa a bayan ƙofa, "Wannan ko ɗigon hawaye." Ita ma abin ya ba ta mamaki. Ta riƙa jiran kukan kamar yadda ake jiran mota a bakin titi. Kwana ya yi ta wucewa, bai zo ba. Abinci ba shi da ɗanɗano a bakinta, amma tana ci. Tana barci, tana tashi.

Bayan wata biyu, wayar marigayin ta yi ƙara. Angon bikin ƙarshe da ya ɗauka a babban birni ne. Ya yi ta'aziyya mai tsawo, ya yi ta kewaye-kewaye, can dai ya ce ba don komai ba, amaryar ce take tambaya, ko kyamarar ta tsira.

Kyamarar ko ƙwarzane ba ta yi ba. Hoto ɗari tara da wani abu ne a ciki. Ta buɗe shagon, ta share ƙura, ta zauna kwana shida tana aikinsu. A cikin hotunan akwai wanda aka ɗauki amarya a gaban madubi, kuma a gefen madubin ga mijinta tsaye, kyamara ta rufe masa fuska, sai kunnensa ɗaya da rigar da ta goge masa ranar tafiya. Ta daɗe tana kallo. A wurin masu sana'ar wannan kuskure ne. Ta yanke gefen, ta bar amarya ita kaɗai, ta wuce hoto na gaba.

Yayan mijin ya zo da shawara a sayar da kayan, a saya mata injin markaɗe.

"Yaya, a bar mini shi."

"Ki yi me da shi? Kin taɓa ɗaukar hoto?"

"Na ga inda ake kuskure."

Ba son sana'ar ne ya sa ta faɗi haka ba. Ta rasa abin da za ta riƙa yi tsakanin safe da yamma ne in ba shagon.

Da farko hoton fasfo kawai take yi, da na 'yan makaranta. Sai wata maƙwabciya ta kira ta bikin 'yarta, don mai hoton da suka yi magana da shi ya samu wanda ya fi biya a wani gari, ya kashe waya. Hotunan suka fito tsaf, ba kan wanda ya yanke, ba wanda ya rufe ido. Shekara goma tana gyaran aikin wani, ta san abin da ba a so. Ba ta ihu a wurin biki, ba ta tura mutane. Takan tsaya a jikin bango har a manta da ita, sannan ta danna.

Farashin nan uku na mijinta ta gada, ba ta ƙara ba, ba ta rage ba, sai dai na ukun ba mai tambayarta. A garin ma sai an taya. "Haba Anti, ke fa ba haya kike biya mai yawa ba." "Haba Anti, marigayi ma yana mana ragi." A ƙauyukan hayin kogi kuwa takan hau babur awa guda, ta wuni a rana, a ɗauki kowa da kowa har da tsohon da aka fito da shi a kan kujera. Wata rana wani uban ango, manomin albasa, ya tare ta bayan taro.

"Baiwar Allah, ɗana ya ce a gari kina karɓar ninki uku na wannan. To namu hoton ragagge ne?"

"Iri ɗaya ne, Baba."

"To me ya sa?"

"Abin da kuke iya bayarwa ke nan."

Tsohon ya ƙura mata ido, kamar yana duba ko zagi ne. Da ya ga ba zagi ba ne, ya sa aka ɗora mata rabin buhun albasa a bayan babur. Wata uku suna cinta ita da Gajera.

Haka shekara shida ta wuce. Ba ta ƙi aure ba, ba ta kuma yi ba. Mutum biyu sun zo, suka zauna a kujerar farin yadin suka yi magana, ta saurare su, suka gaji suka daina zuwa.

Wata Talata da rana, Gajera na shago tana cin rake, an dawo daga makaranta, aka kira waya. Wata mata ce daga babban birni, muryarta irin ta wadda ta saba a yi mata abin da ta ce. Ta ga albam ɗin 'yar mai aikinta, ta ce fuskokin sun fito kamar na mutane, ba kamar na 'yar tsana ba. Tana son mace ta zauna da amarya a ɗakin shiri, 'yarta ce za ta yi aure.

"Nawa ne aikinki?"

Anti Murmushi ta faɗi farashin gari, don shi ne a bakinta.

"Anya kuwa ke ce kika yi albam ɗin nan? Ko yaranki ne za ki turo mini?"

"Ni ce, Hajiya. Ba ni da yara."

"A'a, to bari dai in sake tunani. Ni ba na son aikin araha."

Gajera ta tofar da ɓawon rake, ta buɗe yatsunta biyar a gaban fuskar uwar tana girgiza su.

"Hajiya, wannan na sa rana ne kawai," in ji Anti Murmushi. "Aikin gaba ɗaya ninki biyar ɗinsa ne."

"Yauwa! Yanzu na ji magana."

Gajera ta yi ta dariya har ta zauna a ƙasa, tela ya leƙo ya ga ko lafiya. Uwar ta rubuta ranar a jikin kalanda.

Tun rasuwar ba ta taɓa bin hanyar nan ba. Ranar Juma'a da safe ta shiga motar haya, ta samu gefen taga, jakar kyamara a cinya. Ta san sunan kwanar, an faɗa mata sau ba adadi. Da suka kusa, direba ya rage gudu, ya ce wa na kusa da shi wurin nan ya ci mutane ba kaɗan ba. Ta leƙa. Kwana ce kamar kowace kwana. Akwai wani guntun ƙarfe a lanƙwashe, da mata biyu suna sayar da lemo a faranti, da akuya. Ta shirya wa zuwan wani abu, ta riƙe jakar da kyau. Abin da ta ji kawai shi ne ƙafarta ta hagu ta yi sanyi, don wata mata ta ɗora mata ƙullin kaya tun daga tasha. Ta ce, "Yi haƙuri, ɗan janye." Motar ta wuce.

Wurin bikin otal ne. A harabar akwai samari shida sanye da baƙaƙen riguna iri ɗaya, da kyamarori masu dogon hanci, da wata na'ura mai tashi sama tana ƙugi. Shugabansu ya kalli tsohuwar kyamararta, ya ce, "Mama, wannan har yanzu tana numfashi?" Ta ce tana yi. Daga baya ta ji a bakin mai kwalliya cewa abin da aka biya su ya ninka nata sau goma. Ashe a birnin ma farashi ba ɗaya ba ne, akwai na unguwar masu kuɗi, akwai na bakin kasuwa, kuma ninki biyar ɗin da mijinta ya yi ta buri shi ne na ƙasa. An dai kawo mata ruwan sanyi.

A ɗakin shiri ƙawaye sun cika suna ihu, kowa da wayarta. Can aka kira su su je su gwada shiga, ɗakin ya rage daga amarya sai ita. Yarinyar ba ta fi Gajera da shekara biyar ba. An gama mata kwalliya, an hana ta taɓa fuska, tana zaune cak kamar an ajiye ta. Sai hawaye ya fara zuba, tana tare shi da gefen yatsa kar ya ɓata aikin.

"Anti, kina da aure?"

"Ya rasu."

"Wayyo. Allah ya jiƙansa. Yana da kirki?"

Ba wanda ya taɓa yi mata wannan tambayar, don a garinsu kowa ya san shi. Ta yi tunani.

"Yana da surutu," ta ce. "Ko yana barci sai ya yi magana."

Amaryar ta fashe da dariya da hawaye a fuska, ta toshe baki. Anti Murmushi ta danna. Wannan hoton ne uwar amarya ta sa aka faɗaɗa, aka rataye a falo.

Da za ta tafi, Hajiyar ta riƙe mata hannu. Ta ce ta dawo birni mana, ita za ta haɗa ta da mutane, me take yi a wancan garin? Anti Murmushi ta yi godiya, ta ce za ta duba. Da safe ta bi ta wani layi da aka kwatanta mata, ta tambayi kuɗin hayar wani ɗan shago da ko labulenta ba zai ɗauka ba. Mai shagon ya faɗa. Ta ce, "To," ta wuce tasha.

A gida Gajera ta tare ta tun daga ƙofa.

"Umma, yaya birni? Ba ni labari, kar ki rage komai!"

"Ɗakin akwai sanyi. Na manta ban tafi da rigar sanyi ba."

"Shi ke nan?"

"Sun biya."

Da kuɗin aka sa Gajera a makarantar koyon jinya, aka kuma canza fitilar nan mai son duka. Ba ta koma birni da zama ba. Sau biyu ko uku a shekara ƙawayen Hajiyar sukan kira ta, yanzu ta san ta faɗi babban farashi tun farko, ba ta kuma jin nauyin faɗa. Sauran Asabar ɗin na gari ne da hayin kogi. Idonta ya fara rauni, likita ya ba ta tabarau, takan tura shi goshi in za ta leƙa kyamara, sannan ta yi ta nemansa a jaka.

A shekarar da Gajera ta gama karatu, tela ya tashi daga shagonsa. Mai gidan ya tambaye ta ko tana so ta haɗa da nata, a fasa bangon. Ta ce ya ba ta kwana biyu. Da kwana biyun suka cika, ta ce masa a fasa.