Wietske a Gidan Jinya

Wietske Terpstra ta yi shekara talatin da takwas tana walda a wurin ƙera jiragen ruwa a garin Harlingen. Tun tana ƙarama take sa wandon yayanta, uwarta na tuɓe mata, tana mayarwa. Da ta girma ta rage gashinta, ba ta ƙara barin ya taɓa kunne ba. Mace ce, haka take cewa, sai dai irin tata macen. Abokiyar rayuwarta Aukje ke yi mata aski, ita ke tare mata faɗa duk ranar da aka tsare ta a ƙofar banɗakin mata ana zaton namiji ce.

Wata bakwai bayan rasuwar Aukje, Wietske ta zame a kan ƙanƙara ta karye a ƙugu, aka kai ta gidan jinyar tsofaffi. Karayar ba ta dame ta ba kamar yadda jikinta ya koma hannun wasu. Ranar farko aka sa mata rigar barci mai furanni. Gashinta ya yi ta tsiro, kullum tana shafa ƙeya tana aunawa.

A mako na uku ɗan tsohuwar da suke ɗaki ɗaya ya zo da tsakar rana. Ya tsaya ya ƙare mata kallo.

"Baba, me kake yi a ɗakin mata?"

"Ni mace ce," in ji ta.

"Za mu gani," ya ce, ya nufi ofis.

Da can da ƙafarta za ta bar wurin. Yanzu ko bakin gado ba ta iya kaiwa. Ta ja bargo har wuya, tana jin kowane takun takalmi a baranda. Aka kawo miyar wake, ta huce a gabanta.

Wadda ta shigo daga baya ma'aikaciyar jinya ce, Marloes. Wietske ta taɓa ganinta a zauren da masu rayuwa irin tata da Aukje ke haɗuwa ranar Lahadi, inda ita ta daina zuwa don tsoron kada ta yi suɓul da baka matasa su ce ta yi zagi.

Marloes ta ja kujera. "Ban so in yi zato. In ana maganarki, 'ita' za a ce ko 'shi'?"

Wietske ta daɗe tana neman tarko a cikin tambayar.

"Ita. Amma ki raba ni da furannin nan, sai ka ce labulen kicin."

Marloes ta yi dariya, ta rubuta, ta ɗauko mata wando da rigarta daga jaka.

Washegari aka tura gadon Wietske zuwa wani ɗaki a ƙarshen baranda, ita kaɗai. Ba wanda ya gaya mata ko don ita aka yi ko don ƙorafin ɗan tsohuwar, ita kuma ta ji tsoron tambaya.