Akuyar Iya a Shafin Farko

Duk wanda ya ce Kawu Sule ya kafa jarida ne don neman kujerar siyasa bai san shi ba. Sau uku na ji haka a zaman makokinsa bara, na yi shiru don dai gidan rasuwa ne. Daga cigiyar dabbobi jaridar nan ta fara.

Kawu ƙanin mahaifiyata ne. Fata ya fara saye a kasuwannin ƙauye yana kaiwa Kano, daga baya ya buɗe shagon buga takardu kusa da tasha. Masu shanun da suka san shi tun yana fatauci suka riƙa zuwa ya rubuta musu cigiya su liƙa a jikin motoci. Da abin ya yi yawa sai ya tara su a takarda guda, ya ƙara farashin gero da wake, da sanarwar rasuwa da ta suna. Can ya sayo wani tsohon inji, takarda ta zama shafi huɗu, tana fita duk mako.

Wata Litinin da kaka, ina aji huɗu, na bar ƙyauren garke a buɗe na tafi 'yar carafke. Akuyar kakata Iya ta fice, ga ta da tsohon ciki, kuma ita kaɗai ce dukiyar tsohuwar. Iya ba ta dake ni ba, ko faɗa ba ta yi ba, tuwo kawai ta daina ci. Muka zaga unguwa har bayan rijiyar Kusugu, babu labari.

Na je shagon Kawu ina kuka, na tarar yana zuba wa inji mai.

"Kawu, ka sa mana cigiya. Akuya ce ja."

"Ja? Ke Ladidi, rabin awakin Daura jajaye ne. Wacce zan kamo miki?"

Ya ajiye man ya dube ni.

"Shekara biyu kina ba ta dusa, ba ki taɓa kallon ta ba? Zauna nan. Ba ki tashi sai kin tuno."

Na zauna a kan damin takardu ina jin haushinsa. A hankali suka zo: kunnen hagu a tsage, ƙaho ɗaya ya karkace, farin tabo a ƙafar baya. Ya rubuta, ya ɗage labarin wani attajiri da ya gina sabbin shaguna, ya sa akuyar Iya a shafin farko. Ya ce, "Shi Alhaji mako mai zuwa ma yana nan. Mahauta kuwa ba sa jira."

Kwana huɗu da fitar jarida wani direba ya karanta wa fasinjojinsa. Wani makiyayi daga hanyar Baure da ke cikin motar ya ce ai akuyar tana cikin garkensa, ta biyo su tun Litinin. Ta dawo da 'ya'ya biyu. Ranar Iya ta ci tuwo har da ƙari.

Tsadar takarda ce ta kashe jaridar, waya ta ƙarasa ta. Yanzu hoto ake turawa, babu mai zaunar da yaro ya tuno kunnen akuya. Tsofaffin bugun suna nan jibge a shago gara tana ci, jiya kuma na ji ɗan Kawu ya yi ciniki da masu ƙosai za su kwashe su ranar Asabar.

Ba zan tsaya roƙon kowa ba. Gobe da sassafe zan ɗauki amalanke in kwaso su zuwa ɗakina. Mai magana ya same ni a can.