Kawu Mai Kamara Ya Rufe Shago

Kullum da safe, kafin ya sa komai a bakinsa, Kawu Mai Kamara yakan buɗe ɗan shagonsa da ke ƙasan bene, tsakanin mai gyaran waya da mai wanki da guga. Sai ya zaro kamarar daga jakarta, ya hura gilashin, ya goge shi da wani ƙyalle mai laushi da ba ya bari kowa ya taɓa, ya sa batura a caji, sannan ya zauna gaban kwamfuta yana tace abin da ya ɗauko jiya. Ba kawun kowa ba ne a layin. Yaran da ya ɗauka suna rarrafe ne suka laƙaba masa sunan, suka girma, suka haifi nasu, sunan bai sake shi ba.

Tun zamanin kaset yake wannan aiki. Da aka fara kawo ƙananan kamarorin nan masu ɗaukar hoto tar, waɗanda ake ganin har zaren riga a cikinsu, sai ya sayar da babur ɗinsa ya sayi ɗaya, ya koma tafiya a ƙasa. Mai wanki ya daɗe yana tsokanarsa cewa ya sayar da ƙafa ya sayi ido. Kawu dai dariya yake yi.

Abin da ya bambanta shi da sauran masu bidiyo shi ne ba ya tafiya idan taro ya watse. A lokacin ne yake kafa kamarar a kan ƙafafunta, ya ce a janye tsohuwar gida daga jikin taga don kada haske ya cinye mata fuska, ya zauna yana jan ta da hira har ta manta ana ɗauka. Masu gida kan yi ƙorafi cewa yana cika musu faifai da surutun tsofaffi da guje-gujen yara. Yakan ce su ajiye kawai, ba ya cin abinci.

Nas ɗin da ke zaune a saman benen shaida ce. Mijinta direban babbar mota ne. Wata rana an kira Kawu ya ɗauki ƙaramin taro a gidan, da aka gama sai ya hango mutumin a tsakar gida yana koya wa 'yarsa hawan keke, ya juya kamarar ba tare da an sa shi ba. Bayan haka direban ya rasu a hatsarin hanya, wayarsa da duk hotunan da ke ciki suka tafi tare da shi. Yarinyar ta zama budurwa, ran nan ta ce wa uwarta ta manta muryar babanta. Nas ta sauko shagon ba don tana sa rai ba. Kawu ya kwashe kwanaki yana tonon tsofaffin faya-fayai har ya gano wurin. A shagon suka kalla, mai gyaran waya na tsaye a bakin ƙofa. Ga uban nan, gumi a goshi, yana bin keken da gudu yana cewa, “Taka, taka, ina riƙe da ke.” Yarinyar ta ce a mayar baya. Kawu ya yi ta mayarwa har ta ce ya isa.

Kai ne kuma, Kawu, da wani dattijo mai ciwon mantuwa ya rikice a gaban baƙi kana ɗauka, samari suka zagaye ka suna son guntun hoton su watsa a waya, ka goge shi a kan idonsu. Ma'ajin sirrin gidaje, ba a taɓa jin abin wani a bakinka ba.

To, ga yadda aka saka masa.

Akwai gidan wani mai kamfanin katako da Kawu ya yi wa aiki tun 'ya'yan gidan suna firamare. Duk haihuwa, duk kammala karatu, duk dawowa daga tafiya, shi ake kira. A 'yan shekarun nan idonsa ya fara dushewa, hannun dama ya kama rawa, likita ya gaya masa ganin da ya tafi ba zai dawo ba. Ya riga ya yanke shawarar ajiye aikin sai babbar 'yar gidan ta bugo masa waya, ta ce za a yi wa Baba liyafa zai miƙa wa yara kamfani, kuma taron ba zai yi kyau ba sai da Kawu.

Ya ɗauka gayyata ce. Ya kai wa mai wanki rigarsa ta fita kunya ya ce a goge da kyau, ya yi aski, ya tafi hannu rabbana, karo na farko da ya shiga gidan babu jaka a kafaɗa. A bakin zauren taron babban ɗan gidan ya tare shi, ya dube shi sama da ƙasa.

“Kawu, ina kayan aikin?”

Kawu ya ce mantawa ya yi. Ya juya ya koma shago ya ɗauko.

A tsaye ya wuni. Can tsakiyar taro aka rage fitilu, aka haska tsofaffin hotunan gidan a babban allo: uwargidan da ta rasu tana dariya, yaran suna faɗa kan kujerar gaba a mota, maigidan da baƙin gashinsa. Duka aikin Kawu ne. Mutane suka yi ta share hawaye. Mai gabatarwa ya gode wa kamfanin da ya harhaɗa hotunan, aka yi tafi. Babu wanda ya waiwayi dattijon da ke jingine da bango yana danne hannun dama da na hagu don kada hoton ya girgiza. A wurin ne ya lura cewa cikin duk shekarun da aka haska, ko inuwarsa ba ta fito ba. Kujera ma ba a ba shi ba.

Hoton kuwa ya girgiza. Bayan ya kai musu, babban ɗan ya aiko masa da saƙo cewa aikin bai yi ba, idan tsufa ya zo a bar wa yara. Mai wanki ya fusata, ya ce shi zai je gidan ya gaya musu abin da ba a taɓa gaya musu ba. Kawu ya riƙe masa hannu.

“Bar shi, gaskiya ya faɗa. Hoton na rawa.”

Makonninsa na ƙarshe a shagon ya kwashe su yana juye wa kowane gida nasa, don kada abin mutane ya lalace a hannunsa. Ya bi su da waya su zo su karɓa. Kaɗan suka zo. Wasu suka ce ya turo musu, wasu suka ce sai sun samu lokaci. Sai ya ɗauki sanda ya riƙa kai musu gida-gida, yana tsayawa a bakin titi har wani ya tsallakar da shi. A gidan mai katako, maigadi ne ya karɓa ta ƙaramar ƙofa.

Kawu, kai ne ka san darajar iyayenmu tun suna raye, lokacin da mu muke ganin hirarsu ɓata lokaci. Kai ne ka tsare mana abin da ba mu ce ka tsare ba, muka karɓa kamar dama haƙƙinmu ne. Mun gode, duk da godiyar ta zo a makare, kuma mu muka makarar da ita. Allah Ya saka maka da abin da muka kasa.

Ku kuma da ke riƙe da kamara ko waya a yau, ku koyi haƙurinsa da riƙon amanarsa. Ku zauna da tsofaffinku ku ɗauke su tun suna iya magana, ku goge abin da zai kunyata mutum. Wanda kuma ya san yana da faifan Kawu a gidansa, ya tashi ya je ya gaishe shi. Yana nan a ɗakin ƙarshe bayan benen, ƙofar a buɗe take. Ba ya ganin fuska sosai yanzu, amma da ka faɗi ɗan wane ne kai zai gyara zama, ya ba ka labarin ranar da ka fara tafiya, da wanda ya tare ka da za ka faɗi.