Togaciyar Gefen Takarda

Shekara goma sha ɗaya na yi ina rubuta takardu a zauren alƙali a Tambuwal, tun Nasara bai shigo ƙasar ba. Aikin ya koya mini cewa kowace takarda gaɓa-gaɓa take. Akwai asalin magana, wato abin da aka bayar ko aka sayar. Akwai sharaɗi, abin da in ba a cika shi ba maganar ta rushe. Akwai togaciya, abin da aka cire daga cikin abin da aka bayar. A kan togaciya aka cuci wata mata a gabana, da rubutun hannuna.

Wani dattijo daga Sanyinna ya zo ya ba ɗan ƙanensa gona kyauta. Shaidu biyu suka ji, saurayin ya karɓa, na rubuta, aka yi fatiha aka watse. Ina wanke alƙalami sai ga dattijon ya komo shi kaɗai. Ya ce a gonar akwai ɗorawa uku, na ƙanwarsa ne muddin ranta. Mijinta ya rasu, da kalwar itatuwan take daddawa tana ci da kanta. Na tambaye shi me ya hana shi faɗa a gaban shaidu. Ya ce a garinsu wanda aka ba gona ƙasa aka ba shi, itace na mai shi ne, kowa ya sani, faɗarsa ma kamar zargin yaron ne. A hanya ne zuciyarsa ta ƙi kwanciya.

Takarda tana da wuyar samu a lokacin, daga hannun fatake muke samunta. Maimakon in sake sabuwa in kira shaidu, sai na ƙara layi ɗaya a gefe. Wannan laifina ne, ban taɓa ɗora wa kowa ba.

Dattijon ya rasu da damina. Da ɗorawa ta nuna, saurayin ya hana gwaggonsa shiga gonar. Ta tako da ƙafa har Tambuwal ta kawo ƙara.

Alƙali ya karanta takardar, ya tambaye ni yaushe aka yi layin gefe. Na faɗi gaskiya. Ya ce togaciya sai an haɗa ta da asalin magana, a zama ɗaya. Wadda ta zo bayan an karɓi kyauta an watse, mai ita yana cirewa ne daga abin da ya riga ya bar hannunsa. Ban ji daɗi ba, amma haka yake a littafi.

Saura ƙofa ɗaya, ita ce al'ada. Abin da mutanen gari suka saba da shi, shari'a tana ɗaukarsa kamar an faɗa da baki. Alƙali ya tambayi shaidun nan biyu yadda ake yi da itace a garinsu. Dukansu suna da ɗorawa a gonakin wasu, na sani, su ma sun san na sani. Amma saurayin surukin mai gari ne. Ɗaya ya ce shi bai kula ba. Ɗayan ya ce wani lokaci haka, wani lokaci ba haka ba, yana wasa da bakin rigarsa.

Matar ba ta dube su ba. Ni ta duba.

"Malam, ba kai na kar rubuta ba?"

"Ni ne, Inna."

"To mi rubutun naka yat tsare?"

Saurayin kuwa har ya samu bakin cewa in gwaggo tana son kalwa ta aiko, ba zai hana ta ba, kamar sadaka yake mata da abinta.

Aka yanke masa gona da itatuwanta. Alƙali ya miƙo mini takarda sabuwa fil, cikakkiya, ya ce in rubuta hukuncin, na kuwa rubuta. Matar ba ta aika neman kalwa ba. Kafin kaka ta kife tukwanen daddawarta, ta koma Fakku wurin 'yarta, zaman cin abincin suruki.